Rariyar Kawu Bawa

Jama'a, duk wanda ya taɓa zama da Kawu Bawa mai gyaran rediyo, ko da na shan koko kofi ɗaya ne, ya san tambayar nan tasa. Yana cikin magana, kai kuma kana gyaɗa kai kana "haka ne, haka ne," sai ya tsaya cak, ya nuna ka da sukudireba: "Me na ce yanzu?" In ka maimaita daidai, ka tsira. In ka fara inda-inda, to ka shiga uku, don ba daga inda ya tsaya zai ɗora ba. Daga sallama zai sake farawa. "Salamu alaikum. Ina kwana? Ina gajiya? Yaya mutan gida?" Sai ya sake bi ta kan duk abin da ya faɗa, ba ya tsallake ko tari.

Ga Alhaji Tanko can yana rufe baki da hula, shi ya fi kowa sani. Ya zo karɓar rediyonsa ranar da zai tafi Kumasi, Kawu na yi masa bayanin abin da ya ƙone a ciki, shi kuwa idonsa na kan agogo. Sau uku ana komawa sallama. Alhaji ya ce, "Bawa, don Allah, mota za ta tashi!" Kawu ya ce, "Motar ta san inda za ta. Kai ne ba ka san inda kake ba. Salamu alaikum." Sai washegari Alhaji ya ga Kumasi.

Ga baƙin da ba su san ni ba, ni ce Ramatu, 'yar yayarsa. An ce tunda yau arba'in ɗinsa, ni kuma malamar sukul ce, baki ya saba da magana, in ce wani abu. To zan ce. Amma ku bar ni in fara ba ku dariya, don abin da ke ƙarshen maganar ba mai daɗi ba ne a wurina.

Kun san Kawu ba ya yar da komai. Kwanon ɗakinsa a gidanmu na unguwar Nima kullum shanye yake da tsofaffin batura, sai ka ce mai shanyar kuɓewa. In ka ce masa sun mutu, sai ya harare ka: "Batir ba ya mutuwa, suma yake yi." Wata rana muna cikin trotro, motar haya, za mu Maamobi, ya hango guntuwar waya a bakin kwata, ya dinga buga jikin mota sai da direba ya tsaya. Muka sauka, mota ta tafi ta bar mu, muka ƙarasa a ƙafa cikin rana. Na ce, "Kawu, me za ka yi da ita?" Ya naɗe ta a yatsa, ya sa a aljihu, ya ce, "Ban sani ba tukuna. Ita ta sani."

Ni kuma a lokacin Allah ya yi ni da hankalin da ba ya zama wuri ɗaya. Ba daƙiƙiya ba ce, amma in an aike ni sayen gishiri, sai in dawo da labarin faɗan da aka yi a bakin famfo, gishiri ko oho. A aji tica na rubutu a allo, ni ina bin ƙadangaren da ke kan taga da ido. Mma, mahaifiyata, wake da shinkafa take sayarwa a bakin titi. Sau biyu ta bar min tukunya, sau biyu ta dawo ta tarar da gawayi.

Shekarar da zan rubuta jarrabawar shiga sakandare, wadda muke ce wa kwaman entirans, Baba ya kira ni bayan ya sa an karanta masa takardar ƙarshen zango. Kun san Baba, mai goro ne, maganarsa ɗaya ce. Ya ce, "Ramatu, sukul ba rumfar hutawa ba ce. In kin ci jarrabawar nan, alhamdu lillahi. In kin faɗi, ba maimaici. Ga Gwaggonki Azumi a kasuwar Malam Atta tana neman mai ɗaukar mata tiren albasa." Na je bayan banɗaki na yi kuka har na gode Allah, don ina son sukul kamar raina, ban dai san yadda ake riƙe kai a kan littafi ba.

Kawu na jin komai daga ɗakinsa da ke bakin zaure. Ya fito ya sami Mma a madafa, ya ce, "Yaya, yarinyar nan ba ƙwaƙwalwa ta rasa ba, turke ta rasa. Hankali akuya ne, in ba a ɗaure shi ba gonar wani zai shiga. Ki ba ni ita kullum bayan la'asar."

Kai, na ga horo! Sai ya ɗebo shinkafar Mma da wakenta ya cakuɗa a faranti, ya ce in raba. Ya kunna rediyo uku lokaci guda, ɗaya na yaren Tuwi, ɗaya na yaren Ga, ɗaya na labaran Hausa, in na gama ya tambaye ni me mai Hausar ya ce. Mma ta leƙo ta ce, "Bawa, kayan sana'ata ne fa!" Ya ce, "Ai tare za ki dafa su, Yaya, me kika rasa?" Ta ce, "To don me za ta raba?" Ya ce, "Don in sake haɗawa mana."

Wannan ya ɗan taimaka, amma matsalar tana wurin karatu. In na buɗe littafi, ido na kan shafi, kai a sunkuye kamar ta kirki, alhali ni ina can bakin teku. Ba mai ganewa, ni kaina ba na sanin na tafi sai na ji kiran magariba, shafi ɗaya ban juya ba.

Rannan Kawu ya sayo dokunu, tuwon masarar nan mai tsami, da soyayyen kifi wurin wata 'yar ƙabilar Ga, aka naɗe masa kifin a yagaggen shafin mujallar Turawa. A jikin shafin akwai hoton wani Bature zaune, an liƙa masa wayoyi a ka, wayoyin sun shiga wani akwati. Ya kira ni in karanta masa abin da mai bai ɓata ba. Da ɗan Turancina na gane cewa a ƙasarsu akwai na'ura mai sauraron ƙwaƙwalwa. In hankalin mutum ya natsu sai ta ba da alama, in ya watse sai alamar ta canja, da haka mutum yake koyon riƙe hankalinsa kaɗan-kaɗan. Kawu ya manta da dokunu har ya huce. Ya jima yana kallon hoton, sannan ya ce, "Waya ce da akwati ko? To da me suka fi mu?" Kwana uku ya rufe kansa a ɗaki. A kwanakin nan ne kuma rariyar alminiyam da Mma ke tsane taliya ta ɓata.

Ranar huɗu ya kira ni. Ga tabarma shimfiɗe, ga ɗan tebur, a kansa akwatin tsohon rediyo mai ƙwan tocila kore a goshi. A gefe an ɗaura ƙararrawar ƙofa da ya tsinto a jujin bayan gidajen Turawa. Ga kuma rariyar Mma, wayoyi ja da baƙi da ɗorawa sun fito daga hujojinta sun shige akwatin. Ya kifa min ita a ka, ya ɗaure da igiyar takalmi a haɓa. Ya zauna daura da ni, ya lulluɓe ƙafafunsa da tsohon zane, wai sauro. Ya ce, "Muddin hankalinki na kan littafi, koren nan zai tsaya a kunne. Da kin fita, za ki ji. Bismillah."

Ban yi layi huɗu ba na tuna da wata 'yar ajinmu da ta zo da sabon ɗankunne. Ɓiiii! Wallahi sai da na kusa sakin fitsari. Na ce, "Kawu, tana ganin abin da nake tunani?" Ya ce, "Ba ta gani, ba ta da gulma. Ta dai san kin fita. Koma."

Za ku ce yaya aka yi ban lura da komai ba. To a gidanmu yarinya ba ta ɗaga ido ta ƙura wa babba, balle kawunta. Haka aka rene mu. Wata bakwai ina zama gabansa kullum, ban taɓa kallon sama da gefen tebur ba. Kuma abin ya yi aiki, ku ji ni da kyau. Da farko ƙararrawar nan ba ta barin kaji su yi kiwo a tsakar gida. Sannu a hankali sai in karanta shafi biyu, uku, kore bai ɗauke ba. Ranar da na gama babi guda ba ta yi kuka ba, na tashi ina tsalle da rariya a ka. Har tica ya tambaye ni wane malami ne yake ba ni rubutun sha.

Kun san Nima, magana ba ta kwana a gida ɗaya. Mata suka fara kawo 'ya'yansu daga lungu-lungu. Har Baba Seidu mai gadi, Allah ya jiƙansa, dattijon nan ɗan ƙabilar Moshi da ke mance raka'a nawa ya yi, ya zo ya cire rawani ya sa rariya, aka ba shi carbi ya ja. Ana cikin haka maƙwabciya ta jefa kifi a mai, ƙamshi ya shigo. Ɓiiii! Baba Seidu ya zabura, ya ce, "La ilaha illallahu! Bawa, wannan abu waliyyi ne. Wallahi kifi ni ke tunani!" Ya tafi yana faɗa wa kowa a masallaci.

Ni kuwa sunan ya bi ni har sukul. 'Yan ajinmu suka sa min Ramatu Taliya. In na shigo aji sai wani ya yi "ɓiiii" ta hanci, kowa ya kwashe. Shekarata goma sha uku. A wannan shekarun dariyar ƙawaye ta fi bulala ciwo, na fara jin kunyar Kawu da rariyarsa, duk da na san amfanin da take yi min.

Saura wata guda jarrabawa, Kawu ya yi tuntuɓe da murfin kwata, farcen babban yatsansa na dama ya fita. Aka naɗe da tsumma. Da la'asar na zo da littafi, sai ya ce na'ura ta sami matsala, ana gyara. Kwana biyar tana gyara, kwana biyar yana ɗingishi. Ranar shida ta dawo, amma ta zama mai nawa, sai na gama yawona na dawo da kaina sannan ta yi kuka. Nan zargi ya ɗarsu a zuciyata. Na saki fensir da gangan, na sunkuya ɗauka, na leƙa ƙarƙashin zanen. Ga maɓalli ɗinke a jikin tabarma, ga babban yatsansa na hagu a kai. Wayoyin rariyar kuwa ba inda suka je, a cikin akwati aka ƙulle su kawai.

Da ina da hankali, da godiya ya kamata in ji. Ban ji ba. Abin da na ji shi ne an mai da ni sakarya, an sa duk sukul na yi min dariya a kan yatsan ƙafa. Na haɗiye abin kwana uku yana tafasa a cikina.

Ranar Lahadi aka yi suna a gidanmu, matar maƙwabcinmu ta haihu. Gida ya cika maƙil, mata sun sha yayi, atamfa iri ɗaya, Kawu ne ya haɗa lasifika. Wasu baƙi daga Sabon Zongo suka ce sun ji labarin na'ura, a nuna musu. Kawu, da murnarsa, ya fito da ita tsakar gida, ya shimfiɗa tabarma, ya lulluɓe ƙafa, ya ce, "Ramatu, zo ki nuna musu, ke ce ta fari." Cikin taron akwai 'yan ajinmu biyu, ina ganinsu suna toshe baki. Na zauna, ya ɗaura min rariya, na buɗe littafi. Ina zan iya karatu? Ƙararrawa ta yi kuka, kuma da gaskiyarta, don hankalina na kan yaran nan. Jama'a suka yi shewa.

Sai na miƙe, na fizge zanen daga ƙafafunsa, na ɗaga gefen tabarma sama. Na ce da ƙarfi, "Ba na'ura ba ce! Yatsansa ne! Ku duba, yatsansa ne yake takawa!"

Sai wani daga baya ya ce, "Kai! Injiniya Babban Yatsa!" Aka fashe da dariya, har da masu faɗuwa daga benci. Kawu ya ja ƙafafunsa ya cusa ƙarƙashin riga kamar wanda aka kama tsirara. Bai zage ni ba, bai ko ɗaga murya ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ramatu, cire rariyar a hankali, kar waya ta ja miki gashi."

Mma ta ja ni madafa ta rufe ƙofa. Na ɗauka duka zan sha, har na kare fuska. Ba ta taɓa ni ba. Ta ce, "Ke a tunaninki kin gano abin da ba wanda ya sani? Rariyata ce fa. Ni na ɗinke masa maɓallin nan a tabarma da allurata. Wata bakwai ƙanena na rufe shago tun la'asar, lokacin da masu rediyo suka fi zuwa, ya zauna yana kallon idonki don kar ki ɗauki tiren albasa. Yau kin biya shi gaban baƙi." Ta juya ta ci gaba da zuba tuwon suna a kwanuka.

Saura mako uku. Na koma buɗe littafi ni kaɗai, na koma 'yar gidan jiya. Ido na kan shafi, ni ina tsakar gida ina sake jin dariyar nan. Kwana huɗu ban riƙe komai ba, na fara jin warin albasa a mafarki. Ranar biyar na ɗauki littafi na je na tsaya a ƙofar ɗakinsa. Na shirya ba da haƙuri tun daga ɗakinmu, amma bakina ya ƙi buɗewa. Yana narka dalma a cikin wani rediyo, bai ɗago ba. Ya ce, "Kin zo da littafi? Shigo."

Ya ɗauko tabarmar nan ya juya ta, maɓallin ya dawo gefena. Na ce, "Rariyar fa?" Ya ce, "Ta koma wurin taliya." Sannan ya ce, "Ni daga waje nake ganinki. In za ki fita, idonki sai ya daina bin layi, leɓenki na ƙasa ya saki. Ke kuwa a ciki kike, kin fi ni kusa. Da kin ji kin fita, taka da kanki, ki dawo. Ba wanda zai ƙirga miki." Ya ba ni baya ya ci gaba da aikinsa.

Ranar farko na taka har yatsana ya yi tsami. Amma kullum sai in riƙa kama kaina da wuri, tun ban yi nisa ba. Ranar jarrabawa ba tabarma, ba ƙararrawa, sai na riƙa danna yatsana a cikin takalmi duk sanda na ji zan tafi. Na ci, jama'a. Sunana ya fito, kun sani.

Ranar da takarda ta zo, Baba ya tara 'yan gida a tsakar gida, ya raba goro. Ya ce wannan albarkar rubutun da malaminsa ya yi min ne da sadakar masa da aka yi ranar Juma'a. Ban musa addu'a ba, har gobe. Amma Kawu na tsaye a bakin ɗakinsa da rediyon wani a hannu, Baba ya hango shi ya ce cikin raha, "Yatsa, ka ji 'yarka ta ci, ba rariya ba waya!" Kowa ya yi dariya. Nan ne wurin da ya kamata in buɗe baki. Na duba fuskokin mutane, na ji tsoron a sake haɗa ni da rariya, sai ni ma na yi dariya. Kawu ya gan ni. Ya yi murmushi, ya ce, "Allah ya ƙara sani," ya shige ɗaki.

Sunan nan bai sake shi ba. Yara na binsa a lungu suna kiran Babban Yatsa. Wasu suka ɗauke rediyonsu suka kai wani wuri, wai wanda ya yi dabara a rariya zai yi a rediyo, alhali bai taɓa cutar kowa da ko dunƙulen dalma ba. Shekara goma sha bakwai ke nan. Na gama sakandare, na yi kwalejin malamai, na yi aure, na haihu. Duk sallah sai in kai masa shadda da turare, in durƙusa in gaishe shi, in ce yau zan faɗa. Sai ya fara ba ni labarin wani batir da ya farfaɗo, mu yi dariya, in tashi in tafi. Shadda ta fi min sauƙin bayarwa a kan kalma biyu, "yafe min." Ina cikin aji ina koyar da 'ya'yan mutane aka aiko cewa ya cika.

To yau zan faɗa, ko da wanda ya kamata ya ji ba ya nan. Baba, ga ka zaune, ka gafarce ni, amma ka ji da kunnenka: Kawu Bawa ne ya hana ni ɗaukar tiren albasa. Bai yaudare ni ba, zama ya yi ya ara min hankalinsa har nawa ya tsaya da ƙafarsa. Ni na tona shi gaban baƙi, ni na jawo masa sunan da kuka kira shi da shi har tsufansa, kuma ranar da ya kamata in wanke shi, dariya na yi. Ina jin kunyar wannan fiye da komai a rayuwata. Ina roƙonku, daga yau in za ku ambace shi, ku ce Bawa.

Allah ya jiƙan Kawu Bawa, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Ƙafar nan da ya wahalar saboda ni, Allah ya tabbatar da ita a kan siraɗi. Ni kuma ku taya ni roƙo, Allah ya sa ya yafe min tun kafin ya tafi. A yi masa Fatiha.